Baba da shuɗin akwatin da ya koya masa tuƙin jirgin yaƙi

Assalamu alaikum masu kallo. Yau ina garin Brandon na lardin Manitoba a ƙasar Kanada, kuma wannan ƙaton rumbun jirage da kuke gani a bayana gidan tarihi ne yanzu, amma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu makarantar koyon tuƙin jirgi ce ta soja. Na rako wani dattijo ne daga gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, wanda ya haura shekara 100 a duniya. Ya yarda in ba ku labarinsa, amma bai yarda a ɗauki fuskarsa ko a faɗi sunansa ba, saboda haka Baba zan riƙa ce masa, kamar yadda na saba.

A ranar 17 ga Disamba 1939 Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan suka sa hannu a kan yarjejeniyar horar da ma'aikatan jiragen yaƙi a Kanada, domin ƙasar tana da fili mai yalwa, kuma ta yi wa jiragen Jamus nisa. Kafin a rufe shirin a 1945 an yaye mutum 131,553, matuƙa da masu nuna hanya da masu rediyo da masu harbi. Baba ya shiga a 1942 yana ɗan shekara 18, kuma masaukinsa na farko shi ne ginin baje kolin dabbobi na garin nan, inda aka yi musu aski, aka yi musu allurai, aka koya musu fareti, ga warin dawakai bai gama fita daga bango ba.

Na zaci da mun shigo wajen jiragen zai nufa, amma sai ya ce in tura kekensa zuwa wani ɗan shuɗin akwati mai guntayen fukafukai, wanda in ka gan shi sai ka ɗauka abin wasan yara ne. Sunansa Link, sunan Ba'amurken da ya ƙera shi a 1929, kuma da iskar zuga-zugi yake karkata hagu da dama, sama da ƙasa. Ɗalibi zai shiga a rufe shi ruf, ba ya ganin komai sai alluran na'urorin awo da ke gabansa, malami kuwa yana zaune a tebur, wata 'yar na'ura tana zana masa hanyar da ɗalibin ya bi da tawada a kan taswira. Baba ya ce a nan ya fi zubar da gumi, domin idan ido bai ga ƙasa ba jiki yana yi wa mutum ƙarya: zai rantse jirgi a miƙe yake, alhali yana karkata yana gangarowa. Abin da ake so shi ne ya ƙaryata jikinsa ya gaskata allura. Na daɗe ina juya wannan a raina, don ni ko a cikin mota idan hazo ya sauko hankalina tashi yake yi.

Daga nan aka kai shi ga Tiger Moth, jirgi mai fukafukai hawa biyu, wanda aka lulluɓe da yadi aka shafa masa rawayan fenti domin a hango shi idan ya faɗi cikin ƙanƙara. Malami a gaba, ɗalibi a baya, suna magana ta cikin wani bututun roba. Bayan kamar awa 10 a sama, wata safiya malamin ya sauka, ya buga gefen jirgin da hannu, ya yi tafiyarsa. Baba ya ce bai tuna tashinsa ba, abin da ya tuna shi ne kujerar gaba da ya gani babu kowa a kanta.

Da na tambaye shi ko mutuwa suke tsoro a lokacin, sai ya yi dariya ya ce kora suke tsoro, domin wanda ya kasa sai a cire shi daga tuƙi a ba shi wani aiki, ya tattara kayansa a gaban abokansa. Ga shi kuwa horon da kansa ya ci rayuka 856 tun ba a ga abokin gaba ba. Abokin ɗakinsa yana cikinsu, ya tashi atisayen dare ne a jirgi mai inji biyu, gajimare ya rufe, bai dawo ba.

A waje akwai doguwar katanga ta baƙin dutse mai ɗauke da sunaye fiye da 19,000 na mayaƙan sama waɗanda suka rasu a lokacin yaƙin baki ɗaya, kuma Baba ya ce can zan kai shi kafin motarmu ta iso. Iskar yau tana da sanyi ƙwarai, don haka zan kashe kyamara in gyara masa bargo, sannan mu je mu nemo sunan abokin nasa.