Wa Ke Riƙe Tsoho? Gidan Basine da Gidan Ba'amurke

Assalamu alaikum masu kallo. Yau za mu leƙa gidaje biyu, ɗaya a ƙasar Sin, ɗaya a Amurka, mu ga a wuyan wa nauyin tsoho yake idan ƙarfinsa ya ƙare.

Mu fara da tsohon birnin Beijing. Gidan gargajiya a can ɗakuna ne da suka kewaye tsakar gida ta fuska huɗu. Babban ɗakin yana arewa, ƙofarsa na kallon kudu don ya sha rana lokacin sanyi, kuma na dattijon gida ne. 'Ya'yansa maza suna sassan gabas da yamma, kowa da iyalinsa. Ita kuwa 'ya mace, ranar da aka kai ta ɗakin miji ta zama 'yar can, hidimar surukanta ce a gabanta. Burin magidanci shi ne ya ga tattaɓa-kunnensa na rarrafe a tsakar gidan nan kafin ya bar duniya. Wanda ya tashi a gidan gandu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne koyarwar Konfushiyas, malamin da aka haifa shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A koyarwar nan biyayya ga iyaye bashi ne: sun raine ka kana ƙarami, dole ka riƙe su da tsufa. Kuma mutuwa ba ta yafe bashin. A zamanin sarakunan Ming da Qing, jami'in gwamnati da mahaifinsa ya rasu sai ya ajiye muƙaminsa, ya koma garinsu zaman makoki na wata 27. Ku dubi girman abin, muƙami guda a ajiye shi fiye da shekara biyu! Har gobe, duk farkon watan Afrilu, ranar bikin Qingming, Sinawa kan je su share kaburburan iyaye da kakanni.

To, a Amurka fa? A can miji da mata ne tushen gida. Da an ɗaura aure, sabon gida ya kafu, mai cin gashin kansa. Yaro na cika shekara 18, doka ta ɗauke shi babba a yawancin jihohi, kuma iyaye da dama suna ganin tarbiyyarsu ta yi kyau ne idan ya fita ya tsaya da ƙafarsa. Shi ma tsohon alfaharinsa shi ne bai ɗora wa 'ya'yansa kaya ba.

Kada mu yi saurin cewa rashin tausayi ne. A 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar biyan tsofaffi fansho, a 1965 aka ƙara da Medicare, inshorar lafiya ga waɗanda suka kai shekara 65. Wato hidimar da ɗa yake yi a Sin, a nan gwamnati da ajiyar mutum ne suka ɗauke kaso mai yawa. Sai dai fansho ba ya hira da mutum. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen Amurka mutum ɗaya ne tak a ciki.

Amma fa wancan gidan na Beijing ya daɗe da sauyawa. Dokar aure ta 1950 ta hana auren dole. Sannan daga 1980 har zuwa ƙarshen 2015 gwamnati ta taƙaita wa mafi yawan ma'aurata haihuwa, ɗa ɗaya kacal. Ga abin da hakan ya haifar: kakanni huɗu, iyaye biyu, duk idonsu a kan jika guda. Matasa kuma suka kwarara biranen masana'antu irin su Shenzhen neman kuɗi, suka bar tsofaffi a ƙauye da rainon jikoki, sai bikin sabuwar shekara ake ganin juna. Ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin gida a Sin mutum 2.62 ne, kusan daidai da na Amurka.

Ni dai a nan abin ya fi ba ni tausayi. Gida ya ƙanƙance, 'yan'uwan da za a raba nauyi da su babu, amma bashin iyaye yana nan yadda yake, a kan mutum ɗaya mai aiki a wata uwa duniya. Har ta kai a 2013 an sa a doka cewa wajibi ne 'ya'ya su riƙa ziyartar tsofaffin iyayensu, kuma an samu iyayen da suka kai ƙarar 'ya'yansu kotu a kan haka.

A Amurka kuwa ruwa ya fara komawa baya. Binciken cibiyar Pew ya nuna a 1971 kashi 7 cikin ɗari ne na Amurkawa ke zaune a gidan da ya haɗa manyan 'ya'ya da iyayensu ko jikoki da kakanni, amma a 2021 sun kai kashi 18. Matsin kuɗi ne babban dalili, sai kula da tsofaffi, sai kuma baƙin da suka zo daga Asiya da Latin Amurka da al'adarsu ta zama tare.