Me ake karantawa a Tawa, kuma wane littafi ya kamata ku nema?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ana yawan cewa mutanen Tawa ba sa karatu, wai salula ta kashe littafi. Ni ban yarda ba. Ana karatu a garin nan dare da rana. Abin da ya dame ni daban ne, kuma za mu zo kansa.

[Hoto: zauren malam, bayan sallar asuba]

Mu fara da inda karatu bai taɓa yankewa ba. Ku leƙa zauren malam bayan asuba, ko tsakanin magariba da lisha. Ga tela, ga ɗan kabu-kabu, ga mai shago, kowa da littafinsa mai rawayar takarda, wani bangon ya tsufa har an ɗinke shi da zare. Mai farawa yana riƙe da Ahalari, na gabansa Ishmawi ko Iziyya, wanda ya yi nisa yana jan Risala. Ɗalibi ya karanta Larabci, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, shi kuwa yana amsawa da "na'am". Risalar nan a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya aka rubuta ta tun ƙarni na 10, kuma yau da safe an karanta ta a unguwarku. Duk mai lissafin masu karatu a Adar, wato yankinmu na Tawa a Nijar, in ya tsallake zaure, lissafinsa bai cika ba.

[Hoto: hannun mace riƙe da salula, tukunya a kan murhu]

Sai kuma karatun waya, wanda mata suka fi ƙarfi a cikinsa. Marubuciya tana sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad. Shafukan farko kyauta ne, daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta ce a biya. Da yake yawancin marubutan a Najeriya suke, za ku ga sun ware wata lamba daban sun rubuta "ƴan Nijar ku tura ta nan", a biya da sefa ko da katin waya. Wadda idonta ya gaji, ko ba ta iya boko ba, sai ta kunna YouTube inda ake karanta labarin da murya, tana daka tana saurare.

Maza da yawa suna raina wannan karatu, suna cewa soyayya ce kawai. Gaskiya akwai na banza a ciki, akwai masu batsa, akwai masu cusa Ingilishi har bamu gane abin da ake faɗa. Amma kishi da auren dole da saki da halin da marayu ke shiga, a waɗannan labarai ake tattauna su fiye da ko'ina. In kina son irin wannan rubutu, ƴar uwa, nemi tushensa. Nemi "Alhaki Kwikwiyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin matar da miji ya kora da ƴaƴanta saboda amarya. Za ki ga yadda ake faɗin magana mai zafi da Hausa tsabtatacciya, ba tare da an ja labari har shafi ɗari biyu ba.

Wanda kuwa yake son Hausa ta zauna masa a baki, ba shi da kamar "Magana Jari Ce" na Abubakar Imam, littafi uku da aka buga a Zariya daga 1937. Aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Ku karanta wa yara da dare, labari ɗaya ya isa. Shi dai Imam ɗin ne ya rubuta "Ruwan Bagaja" don gasar da aka yi a 1933.

To ga abin da ya dame ni. Duk littattafan Hausar da na ambata daga Kano da Zariya suka zo. Ƴan uwanmu ne, harshenmu ɗaya, ba wanda ke musun haka. Amma labarin Adar fa? An rubuta shi, kuma ƴaƴan ƙasar nan ne suka rubuta, sai dai da Faransanci. Mai jin Hausa kaɗai yana karanta labarin Kano, labarin garinsu kuwa yana kulle a harshen da bai iya ba.

[Hoto: tashar mota, matasa da jakunkuna]

Ɗauki "Aboki ou l'appel de la côte" na Mahamadou Halilou Sabbo, haifaffen Tawa, wanda ya fito a 1978. Labarin saurayi ne da ya bar ƙauye ya nufi bakin teku neman kuɗi, da abin da ya tarar a can. Wane gida ne a Adar ba shi da ɗa a Abijan, ko Libiya, ko Kamaru? Ku je tasha bayan an gama girbi ku ga yadda motoci ke cika. Matan da aka bari da yara da surukai, tsoffin da ke jiran aike, samarin da ke ɗaure kaya yanzu haka, su ne suka fi cancanta su ji wannan labari, kuma yawancinsu ba su zauna a lakwal ba. Ɗan lakwal ɗin ma sau da yawa don jarrabawa yake buɗe irin wannan littafi, ya haddace abin da mushe ya ce, ya ajiye. Ɗan uwa, in kana da shirin tafiya bana, nemi wanda zai karanta maka shi kafin ka sayi tikiti.

Haka tarihi. Jami'ar garin nan sunan masanin tarihi Djibo Hamani take ɗauke da shi, amma mutum nawa ne suka buɗe littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa? A ciki za ku ga yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa a ƙarni na 17, da yadda sarautar ta zo ta zauna a Illela. Littafin bincike ne, yana da nauyi, ba a shanye shi a zama ɗaya. Amma kakanninku ne a ciki, da sunayen garuruwan da kuke wucewa a mota.

Na uku shi ne "Sarraounia" na Abdoulaye Mamani, 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Da yawa sun san fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, ba su san daga littafi ya fito ba. Shawarata ita ce ku karanta shi a matsayin ƙagaggen labari, don marubucin ya ƙara da tunaninsa. Mai son sanin abin da ya faru daki-daki sai ya haɗa da littattafan tarihi da bakin tsoffin Arewa ta Dogon Dutsi, inda Lugu take.

A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na yi murna, amma doka ba ta fassara littafi, mutane ke yi. Malamai da ɗaliban jami'a, ga aiki a gabanku: a nemi izinin magadan marubutan nan, a mayar da littattafan Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta su da murya yadda ake yi wa labaran waya. Masu sauraro suna nan a shirye, mun riga mun gan su.

Kafin nan akwai abin da kowace fada ta masu shan shayi za ta iya. Cikinku ba a rasa mai Faransanci. Kafin shayin farko ya nuna, ya karanta shafi biyu, ya juya su Hausa yadda malam ke yi a zaure, sauran su yi gardama a kai. Gobe a ɗora.

Samun littattafan ne ke da wuya, don wasu an daɗe ba a sake buga su ba. Ku tambayi tsoffin malaman lakwal, da yawa suna da su a akwati. Ku duba ɗakin karatu na jami'a. In wani zai je Yamai, ya tsaya wajen masu baza tsoffin littattafai a bakin hanya, ya faɗi sunan marubucin, ya kuma taya kafin ya biya. "Magana Jari Ce" da na Balaraba kuwa, ku ba mai zuwa Sakkwato ta Ƙonni sallahu, ku ce masa na Imam ɗin littafi uku ne, kada ya dawo da ɗaya.