Yadda Ake Tsara Ranar Ɗan Ƙaramin Biki a Gandun Yosemite

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Wannan dutsen da kuke gani rana na haska masa ƙirji, a gandun dajin Yosemite yake, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kowace shekara ango da amarya da dama kan zo nan su yi aurensu, babu taro babu kiɗa, daga su sai mai ɗaura auren, sai mai hoto, sai mutum biyu ko uku na jiki. Kalmar da Amurkawa ke kiran irin wannan aure da ita, wato "elopement", asalinta tana nufin saurayi ya gudu da budurwa ba da yardar iyaye ba. Yanzu ma'anar ta sauya, ta koma ɗan ƙaramin biki da aka shirya da sanin kowa. Yau za mu duba yadda ake tsara lokutan wannan rana.

Abin da ya kamata ku riƙe tun farko shi ne, a cikin gandu ba ku ne ke zaɓar lokaci ba. Rana da hanya su ke zaɓa muku. Zauren biki a gari yana da fitila da janareto, in an makara da awa ɗaya ba abin da ya lalace. Kan dutse kuwa, in rana ta faɗi, ta faɗi.

Amma kafin a kai ga ranar, akwai takardu biyu. Ta farko izini ce daga hukumar gandun. Ko ku biyu ne kacal, sai kun nema, kuma kuɗin nema ya daɗe yana dala 150. Ana karɓar buƙata tun shekara guda kafin ranar, kuma dole ta isa fiye da kwana 21 kafin bikin. Ba sa ba da izini a ranakun hutun ƙasa. Izinin ma bai hana sauran masu yawon buɗe ido zuwa wurin ba, don haka kada ku yi tsammanin za a kore muku kowa. Ta biyu ita ce lasin aure na jihar, wanda ake karɓa a ofishin magatakardar gunduma, kamar na garin Mariposa da ke kan hanyar shiga. Ango da amarya su je tare da katin shaida, kuma lasin yana aiki kwana 90 ne. Ofishin gwamnati ne, a ranar aiki ake samunsa. Ku ware masa ranarsa daban, kada ku cusa shi cikin safiyar biki.

Sai zaɓen wata. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin hoton da suka gani a intanet ba ya faɗa musu watan da aka ɗauke shi. Babban ruwan gandun, Yosemite Falls, da ke zubowa daga tsayin mita 739 ya fi ƙarfi a watan Mayu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Zuwa Agusta sau da yawa ya ƙafe, sai tabon ruwa a jikin dutse. To amma a farkon Mayu hanyar motar da ke hawa zuwa Glacier Point, wani ƙololuwar dutse da ake hangen kwarin Yosemite daga kansa, galibi tana rufe saboda dusar ƙanƙara, sai wajen ƙarshen watan ko Yuni ake buɗe ta, a sake rufewa wajen Nuwamba. Kenan mai son ruwa da mai son ƙololuwar dutse, da wuya wata ɗaya ya gamsar da su, sai dai a farkon Yuni. Ƙarshen lokacin zafi na can kuma akwai hayaƙin gobarar daji. A 2018 wata gobara ta sa an rufe kwarin Yosemite kusan mako uku. Ni dai in aka tambaye ni, ƙarshen Satumba zan ce, a ranar Talata ko Laraba: cunkoso ya ragu, hanyoyi a buɗe, zafi ya sassauta.

Bari mu ɗauki misali mu gina jadawalin tare. Wurin shi ne Taft Point, bakin wani dutse da ke kallon kwarin daga sama. Ana fara lissafi ne daga faɗuwar rana a dawo baya.

A ƙarshen Satumba rana na faɗuwa wajen bakwai saura kwata. Awa ɗaya ta ƙarshe kafin nan ita ce masu hoto ke ƙauna, haske ya yi laushi, ba wanda ke runtse ido. Saboda haka a gama ɗaurin aure kafin ta shigo. Mu sa shi biyar da kwata, minti ashirin sun isa. Daga inda ake ajiye mota zuwa bakin dutsen tafiyar ƙafa ce ta kusan kilomita 1.8. Mai ƙarfi zai yi ta a rabin awa, amma amarya da doguwar riga, ko uwa mai ciwon gwiwa, a tudun da ya haura mita 2,000 inda numfashi ke saurin ƙarewa, ku ba su minti 50. Kenan a bar mota huɗu da kwata, a samu rarar minti goma. Wurin ajiye motar ƙarami ne, yana cika da yamma, ku ƙara minti ashirin na neman wuri. Tuƙi daga kwarin zuwa can kusan awa ɗaya ne, hanya mai lanƙwasa, ga motocin da ke tsayawa don kallon namun daji. Ku tashi biyu da rabi. Kwalliya da sa kaya su fara sha biyu, bayan an ci abinci mai riƙe ciki.

Kun ga rana guda ta cika da abu ɗaya tak. Shi ya sa nake roƙonku kada ku jera wurare huɗu ko biyar don kawai kun gan su a Instagram. Wuri ɗaya da yamma, in kuna da kuzari ku ƙara ɗaya da asuba, ya wadatar. Fitowar rana a Tunnel View, wani wurin tsayawa a bakin hanya da ke kallon kwarin, tana da kyau ƙwarai, amma ku sani duwatsun kwarin dogaye ne, hasken ba ya sauka ƙasa sai bayan lokacin da wayarku ta nuna.

Ga 'yan uwa Musulmi mazauna Amurka da suka riga suka ɗaura aure a masallaci, suka zo nan don hoto da addu'a da 'yan uwa kaɗan: La'asar za ta same ku a hanya, Magariba a kan dutse. Ku tafi da darduma da ruwan alwala, ku sa sallolin cikin jadawalin kamar kowane abu.

Akwai abubuwan da ba sa shiga shirin sam. Ba a watsa shinkafa ko furanni, ba balan-balan, ba lasifika, kuma an hana tashin jirgi marar matuƙi a gandun ƙasa na Amurka tun 2014. Kada a bar abinci a fili, domin dajin na da beyar. Sabis na waya ba shi da tabbas, don haka ku sauke taswira tun a masauki, ku buga jadawalin a takarda kowa ya riƙe tasa. Ku kuma tanadi wuri na biyu a cikin kwarin, ku tambayi hukumar tun wuri yadda ake sauyawa in hanya ta rufe.

Sai maganar dawowa, wadda ba ta fitowa a hoto. Yawancin bakin Taft Point ba shinge, ga tsagogi masu zurfi a cikin dutsen. A Oktoban 2018 wasu ma'aurata sun faɗo daga can sun rasu. Don Allah ku tsaya nesa da baki, musamman in iska ta taso tana jan riga da mayafi. Bayan rana ta faɗi kuna da kamar minti ashirin da biyar na sauran haske, kuma sanyi na saukowa nan take. Kowa ya riƙe tocilan ta goshi da rigar sanyi, amarya ta koma takalmin tafiya, ku kama hanya kafin bakwai da kwata. Za ku isa mota wajen takwas, masauki wajen tara, don haka abincin dare a tanade shi tun rana.