Darasi: Tafiyar keke kai kaɗai a bakin teku, daga Legas zuwa Gana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da war haka. Yau ma muna nan gindin darbejiya, bakin kasuwar ƙauyenmu a ƙasar Ringim. Samari sun dame ni da tambaya ɗaya: shin mutum zai iya ɗaukar keke shi kaɗai, da tantinsa, ya bi bakin teku daga Legas har Gana? Sosai ma. Kakanninmu da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, balle kai mai feda da giya. Sai dai mu mutanen tudu ne, rana muka sani da ƙura da ƙaya. Can kuwa masu ba ka wahala daban ne: gishiri, da iska, da ruwan da ke tasowa kana barci.

Hanyar dai ga ta. Ka ɗora kekenka a motar kaya zuwa Legas, daga nan ka fara tuƙi yamma, teku tana hannun hagunka. Badagry, iyakar Seme inda za ka shiga Benin, Kwatano, Wida, Grand-Popo, sai ka shiga Togo ta Aneho, ka wuce Lome, ka tsallaka Gana ta Aflao. Ka haye kogin Volta a gadar Sogakope, sai Tema, sai Ankara, babban birnin Gana. Duka-duka bai kai kilomita 500 ba. Togo ma gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba, in ka yi sammako a Gana za ka yi la'asar. Kuma daga Togo agogo yana komawa baya da awa ɗaya, ka lura saboda lokutan salla.

Ba a neman biza, tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kana da kwana 90 a kowace ƙasa. Amma ka riƙe fasfo, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Kada ka ce za ka lallaɓa ba shi, a iyaka za a tsare ka. Rasit ɗin keken ma ka sa shi a leda. Kuɗi kuwa sefa ce a Benin da Togo, sidi a Gana.

To, mu zo kan keken. Kai yaro, juyo min shi nan su gani. Kun ga sarƙar nan? A garinmu sai ta yi wata ba ta ga mai ba, tana tafiya abinta. A bakin teku iskar kanta gishiri ce da laima, kwana kaɗan za ka ga sarƙa ta yi ja, wayar birki ta ƙage, kusoshi sun ci tsatsa. Saboda haka kafin ka tashi a kwance boris na gaba da na baya da na feda, a cika su da sabon giris. Kowace yamma ka goge sarƙa da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa. Kaɗan na ce. Masu zuba baƙin mai har yana ɗiga, yashi ne zai manne, ya riƙa cin haƙoran giya kamar dutsen niƙa. In keke ya taɓa ruwan teku, a ranar za ka wanke shi da ruwan rijiya ko na famfo, ba gobe ba.

Ni dai ban yarda da keken tsere mai siririyar taya ba a wannan tafiya. Nemi mai kauri, mai kariyar ɗora kaya ta ƙarfe, wanda kowane mai faci a bakin hanya zai gane kansa. Ka ɗauki tif biyu, faci da sholisho, famfo, sifana, wayar birki, da 'yan wayoyin wili, don nauyin kaya wayoyin wilin baya yake karyawa. Kayan kuma a raba su hagu da dama, masu nauyi a ƙasa.

Iska ita ce mutane ba sa lissafawa. A wannan gaɓa yawanci daga kudu maso yamma take kaɗawa, kai kuma yamma ka nufa, ke nan kusan gaba da gaba kuke. Tana ƙara ƙarfi bayan azahar, lokacin da ƙasa ta yi zafi. Don haka kana sallame asuba ka hau, ka ci rabin tafiyarka kafin hantsi ya ɗaga, rana ta take ka nemi inuwa. Inuwa ban da gindin kwakwa, in ɗaya ta faɗo maka a ka tafiya ta ƙare. Daminarsu mai ƙarfi daga Afrilu ce zuwa Yuli, sai wata 'yar ƙarama wajen Oktoba. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, kuma lokacin ka gama shigar da gero rumbu.

Zufa can ba ta bushewa kamar tamu, za ka yi ta jiƙewa. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, ka riƙe ƙullin gishiri da sukari. Guzuri na gida ya wadatar: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi.

Sai wurin kwana, nan nake so ku buɗe kunne. Teku tana cika tana janyewa kusan sau biyu cikin awa 24. Yashin da ka gani bushe da yamma, cikin dare ruwa yana iya rufe shi. Duba inda ciyawar ruwa da robobi suka yi layi a kan yashi, can ruwan ya tsaya jiya. Ka haura sama da layin sosai, inda ciyawa ta tsiro, ko inda masunta suke jan kwale-kwalensu su ajiye. Kuma kada iyon da ka koya a kogin Haɗeja ya ruɗe ka. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana jan mutum ciki, 'yan garin ma tsoronta suke.

Tafiya kai kaɗai ba ta nufin ka ɓuya. Wanda ya kafa tanti a ɓoye bayan gari, shi ake ɗauka ɓarawo. Ka isa ƙauye da sauran rana, ka yi sallama, ka nemi mai gari ko shugaban masunta, ka nuna kekenka da tantinka, su za su nuna maka wuri. Akwai kurmi da bishiyoyin da suke girmamawa, musamman wajen Wida, in an ce kada ka shiga, kada ka shiga. A manyan garuruwa kuwa tambayi zango, wato unguwar Hausawa. Kwatano akwai, Lome akwai, a Ankara ga Nima ga Sabon Zango. Ka je masallaci, ka gaida liman ko sarkin zango, za ka ji Hausa, ka sami tuwo da wurin cajin waya.

Tantin ya zama mai raga, in babu ka haɗa da gidan sauro, don gaɓar nan tafkuna sun yi yawa, sauro kuwa ba a magana. Keken ka ɗaure shi da kwaɗo a jikin wani abu, ka rufa masa leda saboda raɓa. Kowane dare ka kira gida ka faɗi sunan garin da ka sauka da wanda za ka nufa gobe.

Kafin duk wannan, gwada kanka a nan. Loda kayan gaba ɗaya, ka tuƙa zuwa Maigatari ranar Alhamis, ka kwana a tantin, ka juyo. In sirdi zai yi maka ciwo, ko kariya za ta karkace, gara ka gani a hanyar Gumel. Kai yaro, kawo sifana, mu nuna musu yadda ake kwance boris na baya.