Darasi: Yadda Ake Gano Yoyon Gas a Esin Mota, a Gyara Shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Motar nan da kuke gani a bayana, mai ita ya ce sau 3 ana ɗura mata gas cikin wata 2, kuma kowane karo sanyin ba ya wuce kwana 10 sai ya ɗauke. Da ita za mu yi darasinmu na yau, daga neman ɓula har zuwa lokacin da sanyi zai dawo.

Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, gas ɗin esi ba fetur ba ne. Ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Zagaye kawai yake yi a rufaffiyar hanya. Kwamfuresa ta matse shi ta tura shi kwandansa, wannan da ke gaban lagireto, a can ya saki zafinsa ya zama ruwa. Ya bi ta diraya mai shan danshi, ya ratsa ɗan ƙaramin bawul da ke karya masa ƙarfi, ya faɗa ebaporeta da ke ɓoye a cikin dashbod, inda zai sake komawa iska yana zuƙe zafin cikin mota, sannan ya dawo inda ya fito. Gaskiya ne a kan rasa ɗan kaɗan ta jikin tiyo da robobi idan shekaru suka ja, amma gas ɗin da ya gudu cikin kwana 10, wallahi ƙofa ya samu. Ɗura wani a kai zuba ruwa ne a kwando. Abin da ya fi damuna ma, ba gas kaɗai ke fita ba. Man da ke shafe kwamfuresa tare suke tafiya, don haka duk yoyon da aka ƙyale, kwamfuresa ce za ta biya bashinsa daga baya.

Kafin ka taɓa komai, sa tabarau da safar hannu. Wannan gas yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Idan ruwansa ya fantsamo maka a fata zai ƙona ka da sanyi, idan kuwa a ido ne, abin ya fi haka muni. Kada a sha taba a kusa, kada a kunna wutar walda, domin idan ya haɗu da harshen wuta yana fitar da hayaƙi mai guba.

Yaro, ɗaga bonet ɗin nan, ka matso da kyamara. Kun ga wannan 'yar takardar da aka manna? Ita ce ke gaya maka irin gas ɗin da motar ke sha da nauyinsa. Tamu ta ce R134a, giram 500. Tsofaffin motoci R12 suke amfani da shi, wanda aka daina saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Daga wajen tsakiyar shekarun 1990 aka koma R134a. Sababbin motoci da yawa kuma R1234yf ne a cikinsu, tun da Tarayyar Turai ta hana R134a a sababbin motoci daga 2017. Ba a gauraya su, shi ya sa ma bakin da ake ɗura kowanne ya bambanta da na ɗan uwansa. Gas ɗin girki kuwa, don Allah kada wanda ya yarda a zuba masa shi a mota. Yana yin sanyi, ban musa ba, amma ranar da ya yi yoyo cikin dashbod kusa da wayoyin lantarki, gobara ce da mutane a ciki.

To, mu jona geji, wato ma'aunin matsin gas mai allurai biyu da tiyo uku. Shuɗin tiyo na ɓangaren da ƙarfin gas ke ƙasa ne, wato bututu mai kauri. Ja na ɓangaren matsi ne, siririn bututu. Rawayan da ke tsakiya shi ne na aiki, ta nan ake zuƙewa, ta nan ake ɗurawa. Inji a kashe yake. Da akwai isasshen gas, a rana mai zafin digiri 30, allurai biyun za su tsaya wajen psi 95 ko kusa da haka, psi shi ne awon matsi. Dubi tamu: psi 20. Kusan wayam take. Shi ya sa kwamfuresa ta ƙi kamawa, akwai makunnin tsaro da ke hana ta juyawa idan gas ya yi ƙasa sosai.

Amma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Idan ka ga psi 95 da inji a kashe, wannan bai nuna maka cewa gas ya cika ba. Muddin akwai ragowar ruwan gas a ciki, ko rabi ne ko kwata, allura kusan wuri ɗaya za ta nuna, domin zafin gari take bi, ba yawan gas ba. Idan kuma allura lafiya lau amma kwamfuresa ba ta kamawa, duba fiyus da rile da fanka tukuna, ba kowane rashin sanyi ne yoyo ba.

Yanzu sai farauta. Makamin farko idonka ne da tocila. Tun da mai yana fita tare da gas, inda duk ake yoyo za ka ga naso, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi-baƙi, alhali kewayensa a bushe. Bi bututun nan a hankali kamar mai bin sawu: mahaɗa bayan mahaɗa, inda aka matse tiyon roba da ƙarfe, inda bututu ke gogar jikin mota, ƙarƙashin maƙalai inda ruwa ke kwanciya ya ci alminiyam. Leƙa gaban kwamfuresa, bayan kulocinta, wato abin da ke kamawa ya sa ta juya. Idan sil ɗin wurin ne, wato abin da ke tare gas da mai kada su fita, ya mutu, sau da yawa za ka ga layin mai da ya fantsama a kewaye, wani lokaci har a cikin bonet.

Haska min nan ƙasa, ɗana. Yawwa. Jama'a ku dubi kusurwar kwandansar nan ta ƙasa, ɓangaren hagu. Duk sauran jikinta fari-fari ne da ƙura, amma nan kamar tafin hannu ya yi duhu. Bari in shafa yatsa. Kun gani? Maiƙo. Kwandansa ita ce a sahun gaba, duk tsakuwar da tayar motar gabanka ta harbo, ita ke tare ta. Shi ya sa a nan nake fara zargi.

Sai dai zargi ba hujja ba ne, dole mu ga ɓular da idonmu. Mun riga mun kwashe ɗan gas ɗin da ya rage da injin kwashewa, ba mu sake shi a iska ba. R134a yana riƙe zafi a sararin sama fiye da hayaƙin kabon sau 1,430, ba abin watsarwa ba ne. Yanzu za mu cika hanyar da busasshen naitirojin ta wannan regileta, mu kai shi psi 150 mu tsaya. Kada ka zarce abin da littafin motar ya yarda, ebaporeta ba ta da ƙwarin da kwandansa ke da shi. Kuma ka ji ni da kyau: ba a gwaji da oksijin na masu walda. Oksijin da mai a ƙarƙashin matsi fashewa suke yi. Iskar injin busa taya ma ban yarda da ita ba, danshi take ɗaukowa ta kai cikin esi.

Ga ruwan sabulu a kwalbar feshi. Na fesa a kan nason nan. Ku yi shiru ku duba. Ga shi nan! Kumfa na tasowa tana girma tana fashewa, wata na biye da ita, daidai inda siririn bututu ya shiga gefen kwandansa. Babbar ɓula nan take take nuna kanta, ƙarama kuwa sai ka ba ta minti 2 ko 3, za ka ga ƙananan kumfa fari fat sun taru wuri guda.

Yaron nan yana tambayata, "Oga, ai shi ke nan mun samu, a kwance?" A'a ɗana, ba a tsayawa a ɓular farko. Zare min geji daga bakunan ɗura gas ɗin nan biyu. A cikinsu akwai ɗan bawul irin na taya. Ɗigo ɗaya na ruwan sabulu. To ka gani? Na ɓangaren ja ma yana huci a hankali. Da mun canja kwandansa kawai, da bayan 'yan watanni mai motar ya dawo yana ganin mun cuce shi. Wannan ɗan bawul da murfinsa mai roba a ciki su ne aka fi mantawa da su a duk aikin esi.

Wani lokaci za ka fesa sabulu ko'ina ba ka ga komai ba, amma allura tana sauka. A nan rini ke da amfani. Ana zuba shi cikin esi tare da gas, a yi kwana biyu ana hawa motar, sannan a haska da tocilar UV ana sanye da tabarau mai ruwan ɗorawa, wurin yoyon zai yi ta walƙiya kore shar. Akwai kuma na'urar shinshina mai ƙara idan ta ji gas. Ita ka tuna abu biyu: gas ɗin ya fi iska nauyi, don haka ta ƙarƙashin mahaɗa za ka bi da bakinta, a hankali, a inda iska ba ta kaɗawa. Sannan ba ta jin zallan naitirojin, sai akwai gas ɗin esi a ciki. Idan duk gaban mota ya fita tsaf, saura ebaporeta. Kafin ka kwance dashbod, wanda aikin yini guda ne a wasu motocin, shiga ƙarƙashin mota ka nemo tiyon da ruwan esi ke ɗiga, ka haska bakinsa ko ka kai na'urar wurin. Idan rini ya biyo ruwan, magana ta ƙare.

Mu koma kan gyara. Mun saki naitirojin, allura ta dawo sifili, sai kwancewa. Ni a ra'ayina kwandansa irin ta motocin yanzu canja ta ake yi. Hanyoyin cikinta sirara ne ƙwarai, walda na iya toshe su, kuma alminiyam ɗin da ya ruɓe a wuri ɗaya yakan sake buɗewa a gefensa. Bututu mai kauri da ya tsage, wannan gwanin walda zai iya ceto shi. Maganin toshe yoyo na gwangwani kuma ba na ba da shawararsa. Da danshi yake daskarewa, kuma bai san bambancin ɓula da ƙaramin bawul ɗin esi ba, har injin kwashe gas yana lalatawa.

Duk mahaɗar da ka buɗe, sa mata sabon zoben roba, irin na esi, galibi kore ne, daidai girman wanda ka cire. Shafa masa ɗan man kwamfuresa kafin ka zura shi don kada ya murɗe ko ya yage. Fara ɗaura noti da hannu, sannan sifana, kuma kada ka danne da ƙarfin tsiya. Robar ce ke toshewa, ba ƙarfin damtse ba, zaren alminiyam kuwa ba ya da wuyar cinyewa. Diraya ma a canja ta, aikinta shan danshi ne, kuma wadda ta yi makonni da ɓula a hanya ta riga ta ƙoshi. A wannan motar a jikin kwandansa take, don haka sabuwa ta zo da tata. Tsohuwar kwandansa ta tafi da ɗan mai, galibi wajen mililita 30 ake mayarwa, amma bi abin da littafin motar ya ce. Man PAG ne a nan, kuma rufe kwalbarsa da zarar ka zuba, yana zuƙar danshin iska. Motoci masu kwamfuresar lantarki nasu man daban ne, wanda wutar lantarki ba ta ratsa shi, kada a kuskura a sa musu wannan.

An haɗa komai, an canja ɗan bawul ɗin bakin ɗura gas. Mun sake ba ta naitirojin psi 150, mun yi alama a kan geji, mun jira rabin awa. Allura ba ta motsa ba. Na nace a kan wannan gwajin ne saboda abin da ya taɓa faruwa da ni. Na gyara wata mota na dogara da gwajin bakum kaɗai, wato zuƙe iskar cikin hanya a ga ko wata za ta shiga, allura ta tsaya cak, na ɗura gas na sallami mai ita. Kwana 6 ya dawo cikin gumi, da iyalinsa a motar, kuma na ji nauyinsa ƙwarai. Ashe bakum ɗin ne ya janyo wata sassautacciyar roba ciki ta toshe ɓular, da gas ya shiga ya tura ta waje sai ta buɗe. Bakum bai fi bambancin psi 15 yake ɗora wa hanya ba, alhali esi mai aiki yana haura 200 a ɓangaren matsi.

To mene ne amfanin bakum ɗin? Fitar da iska da danshi. Idan matsi ya sauka sosai, ruwa yana tafasa ko babu wuta, injin bakum ya zuƙe tururinsa. Danshin da aka bari yana iya zama ƙanƙara ya toshe bawul, ya kuma haɗu da gas da mai ya zama asid mai cin ƙarfe daga ciki. Jona rawayan tiyo a injin, buɗe ɓangarorin biyu, allurar shuɗi ta sauka kusa da 30 a ƙasan sifili, ka bar shi minti 30 zuwa 45. Minti 5 ba bakum ba ne. Rufe bawulolin geji, kashe injin, ka jira minti 15 ka ga ko allura za ta tashi. Tamu tana nan inda take.

Ɗura gas kuma da sikeli ake yi, ba da taɓa bututu a ji ko ya yi sanyi ba. Ɗora silindar gas a kai, fitar da iskar da ke cikin rawayan tiyo, ka sa giram 500 da takarda ta ce. Wanda ya wuce kima matsi yake ƙarawa, sanyi ya ragu, kwamfuresa ta wahala. Idan inji na aiki, jan bawul a rufe yake zama ruf, in ba haka ba matsi zai koma cikin silinda. Ta shuɗin ake ƙarasawa, kaɗan-kaɗan, kada ruwan gas ya afka wa kwamfuresa.

Yaro, tayar da ita, ka kai esi ƙarshe. Kun ji wannan ƙas ɗin? Kuloci ya kama, fanka ta tashi. Shuɗi ya zauna a psi 35, ja yana wajen 200, daidai da zafin yau. Sa ma'aunin zafi a hancin iska na tsakiya, ka rufe ƙofofi. Ya bar 30, ga shi a 18, ga 12, ya tsaya a digiri 7. Miƙo min na'urar shinshina in sake zagaya mahaɗun da muka taɓa, kai kuma ka ɗaura murafun nan biyu da kyau, ka tabbatar robar cikinsu tana nan.