Amsoshin Tambayoyinku: A Toshe Wutsiyar Adireshi Ko A Bar Ta?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayar farko ta fito daga wani bawan Allah dake kula da kwamfutocin ma'aikatarsu, yace saƙonnin 'yan damfara sun ishe shi kuma galibi daga adireshin da suka ƙare da .top da .xyz suke zuwa, shin ya toshe su gaba ɗaya ya huta?

Toh Malam, wannan guntun da ke ƙarshen adireshin intanet, irin .com ko .org, mu kira shi wutsiya. Da can 'yan kaɗan ne, sai a 2012 hukumar ICANN dake Amurka, mai kula da tsarin adireshin intanet, ta buɗe ƙofa, aka samu sababbi sama da 1,200. Wasu aka karya musu farashi sosai, shi kuma ɗan damfara abinda yake nema kenan, ya sayi ɗari yau a rufe gobe ya sake sayen wasu. Kamfanin Freenom ma kyauta ya riƙa rabawa, su .tk na tsibirin Tokelau da .ml na Mali, har sai da Meta mai Facebook ta maka shi kotu a 2023 sannan rabon ya tsaya. Saboda haka ƙorafinka gaskiya ne wallahi, ba wanda zai ce ƙarya kake.

Amma ni dai ban goyi bayan toshe wutsiya sukutum ba, an bar jaki ne ana dukan taiki. Alphabet, uwar kamfanin Google, adireshinta abc.xyz ne tun 2015, ka ga ranar da ka toshe har da ita ka rufe, balle ƙaramin ɗan kasuwa da ya sayi mai araha don ƙarfinsa kenan, ya turo muku saƙo shiru, shi bai san laifin da yayi ba ku kuma baku san ya turo ba. Sannan in yawan ɓarna ake bi ai .com ma cike take da masu damfara, waye zai iya toshe ta? Abinda yafi, ka sa na'urarka ta riƙa tsare adireshin da aka yi wa rajista kwanan nan, ka kuma yi amfani da jerin miyagun adireshi irin na Spamhaus, ƙungiya mai bin diddigin saƙonnin banza, sannan ka kai ƙara wajen kamfanin da ya sayar da adireshin, domin tun Afrilun 2024 yarjejeniyar ICANN ta wajabta musu ɗaukar mataki in an kawo hujja. Masu .top ɗin ma ICANN ta aika musu takardar gargaɗi a Yulin shekarar.

Sai wata 'yar'uwa, tace duk fom ɗin da ta cike sai ace imel ɗinta ba daidai bane alhali yana aiki lafiya lau. Malama laifin ba naki bane, tsohuwar manhaja ce da aka rubuta ta da tunanin wutsiya bata wuce harafi uku ba. Wannan matsalar ce tasa aka kafa kwamitin UASG a 2015, mai fafutukar duk wani sahihin adireshi ya samu karɓuwa ko'ina, har da na haruffan Larabci da Masar da Saudiyya suka samu a 2010. Abin yana min ciwo gaskiya, mutum ya rubuta adireshinsa da harshensa a kore shi a bakin ƙofa. Ki rubuta wa masu fom ɗin ki faɗa musu su gyara, kafin nan ki riƙe wani imel na biyu a gefe.