Lambun bayan makaranta bai mutu ba

Sakatare, dakata da littafinka tukuna. Maganar lambun bayan makaranta ce ta hana ni barci, kuma ba za mu tashi yau ba sai mun yanke ta.

Kowa ya ga benen da maƙwabcinmu ya tayar. Filinsa ne, ba mu da ta cewa. Amma tun da ginin ya ɗaga, rana ta daina sauka a lambun sai ɗan abin da ke leƙowa da hantsi. Tumatir ya yi tsawo ya kwanta, barkono yana zubar da fure. Shi ne nake ji ana cewa a zuba siminti a huta. Masu wannan magana, kun tambayi iyayenmu mata da mazajensu suka rasu? Akwai Hajiya a cikinmu da take fita tun kafin asuba da kokon sayarwarta a unguwar Aboabo nan Kumasi, ga marayu a gabanta. Ganyen da take tsinka a lambun nan shi ne abin da ba ta zuwa kasuwar Kejetia ta saya. Kun san yadda sidi, kuɗinmu na Ghana, ke narkewa a hannu.

Tumatir da barkono da kuɓewa suna son rana ta awa 6 ko fiye, wannan kam mun rasa shi. Sai dai akwai shukar da inuwa ba ta damunta. Na'ana'a awa 3 zuwa 4 na hasken safe ya ishe ta. Ka yanko reshe, ka tsige ganyen ƙasa, ka tsoma a kofin ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu za ka ga fararen saiwoyi sun fito. A roba ake dasa ta ita kaɗai, don in ta samu fili sai ta mamaye kowa. Mu da ba ma rabuwa da shayi, a ce na'ana'a ma sai mun saya?

Ga citta. Wanda ya san ƙasar Kachia a kudancin Kaduna ya san irin arzikin da ke cikinta, kuma damshin Kumasi ya dace da ita. A samu mai ido, a yanka gunduwa-gunduwa, a bari bakin yankan ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, a binne ba da zurfi ba a cikin buhun da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Wata 8 zuwa 10 ake tono. Kurkum ma hanyarsu ɗaya. Koko ba ya yi sai da citta, zoɓo haka, to ku lissafa abin da zai rage wa Hajiya. Lawashi kuwa daga gindin albasar da kuke zubarwa yake fitowa in an dasa. Ɗaɗɗoya ta fi son haske, a ba ta kusurwar da rana ta fi daɗewa, a riƙa tsinke kanta don ta yi rassa.

Abu ɗaya nake gargaɗi a kai, shi ne ruwa. A gida mun taso muna jan guga, muna yi wa shuka rumfar zana saboda zafin bazara. Wallahi har yau in na ji ƙamshin ɗaɗɗoya a miya, tsakar gidanmu nake tunawa. Nan kuwa damina biyu ce, ta fari daga Maris zuwa Yuli, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ƙasar inuwa ba ta bushewa da wuri. A huda gindin kowace roba, a ɗora ta kan bulo. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi kada ka ƙara. Citta in ta sha ruwa fiye da kima ruɓewa take yi, kuma ba ma son kwantaccen ruwa ya tara mana sauro kusa da yara. Katangarmu kuma a shafe ta da farar ƙasa, tana mayar da haske kan shuka.

To da me za mu sayi robobin da takin? Nan ne takaicina. Littafin kuɗin wata yana gaban ma'aji, wasu tun Babbar Sallah ba a ga hannunsu ba, amma ranar suna da biki su ne a sahun gaba. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro suka kafa zango a garin nan ba su bar matar ɗan'uwansu ta tagayyara ba. Don Allah, don Annabi, wanda ake bi ya biya yau. Wanda ba shi da hali ya same ni a gefe, ba wanda zai ji.



Na dawo kan lambu. Ruwan Maris ya kusa, in ya sauka ba mu dasa citta ba mun yi asarar shekara, kuma Hajiya ce za ta ji a jikinta. Matasa, Asabar bayan sallar asuba ina jiranku a bayan makaranta. Kowa ya zo da tsohon buhun shinkafa ko bokitin da ya fashe, mai fartanya ya zo da ita. Ma'aji, buɗe littafin, kira sunaye.